Tambayoyi da amsoshi kan zubar da jinin mutanen Noongar a zamanin mamayar Turawan Ingila

Birnin Perth, hedkwatar jihar Yammacin Ostareliya, a kan ƙasar wata al'umma yake zaune, al'ummar da ake kira Noongar. Turawan Ingila sun sauka a ƙasar a shekarar 1826, suka kafa mulkinsu sosai a 1829, ba tare da sun sayi taku ɗaya na ƙasar ba, ba kuma tare da wata yarjejeniya da masu ita ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi abin da ya biyo baya.

Su wane ne Noongar, kuma ina ƙasarsu take?

Noongar su ne 'yan asalin kusurwar kudu maso yammacin Ostareliya, daga wajajen Jurien Bay a arewacin Perth har zuwa gabashin Esperance a gaɓar tekun kudu, faɗin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 200,000. Akan lissafa su ƙungiyoyi goma sha huɗu masu harsuna 'yan uwan juna. Waɗanda sunansu zai riƙa fitowa a nan su ne Whadjuk na kogin Swan, da Binjareb na kogin Murray, da Ballardong na kwarin Avon, da Wardandi na yankin Busselton, da Minang na Albany. Binciken masu tonon kayan tarihi a kogon Devil's Lair ya nuna cewa mutane sun fi shekara 45,000 suna zaune a yankin.

Ba su yi noma irin na garma ba, kuma da wannan hujjar ce Turawa suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. Amma kowane iyali yana da yankinsa sananne, wanda baƙo ba ya farauta a ciki sai da izini. Sun raba shekara zuwa yanayi shida, kowanne da abincinsa da wurin zamansa: doyar daji da mata ke haƙa a bakin koguna, da kunkuru da ƙwan tsuntsaye a dausayi, da kifin da ake tarewa da shingen itace kamar wanda aka yi a Barragup a kan kogin Serpentine, da kangaru da ake farauta a makiyayar da su da kansu suke gyarawa ta hanyar cinna wa daji wuta a kan lokaci. Ƙasa a harshensu ita ce boodja, kuma kalmar ta ƙunshi gida da abinci da kaburburan kakanni gaba ɗaya.

Yaya aka karɓi Turawan da suka fara zuwa?

A farkon lamari da lumana aka karɓe su. Manjo Edmund Lockyer ya isa King George Sound, inda garin Albany yake yanzu, a ƙarshen Disamban 1826 da 'yan sojoji da fursunoni, ya tarar da cewa masu farautar dabbobin teku sun riga sun kashe wani mutum sun kuma sace mata. Duk da haka zama ya yi daɗi a can na wasu shekaru, domin sansanin ƙarami ne kuma ba ya cin ƙasa. Wani mutumin Minang mai suna Mokare ya zama aminin likita Alexander Collie, har da Collie zai rasu a 1835 ya bar wasiyya a binne shi kusa da kabarin Mokare.

A kogin Swan ma wasu Noongar sun ɗauki fararen baƙin a matsayin djanga, wato matattunsu da suka komo daga bayan teku. Sun nuna musu rijiyoyi da hanyoyi. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙin da matansu da 'ya'yansu da garmuna da tumaki suka zo, kuma ba su da niyyar tashi.

To, me ya haddasa faɗan?

Ƙasa da abinci. Kyaftin Charles Fremantle ya kafa tutar Birtaniya ranar 2 ga Mayun 1829, James Stirling, wanda ya zama gwamnan yankin na farko, ya iso a watan Yuni da ayarin farko na 'yan kama-wuri-zauna, aka aza harsashin Perth ranar 12 ga Agusta. Tsarin rabon fili shi ne eka 40 ga kowace fam 3 ta jarin da mutum ya zo da shi. An yi wa Thomas Peel alkawarin eka 250,000, shi kuma Stirling ya sami eka 100,000. Da yake yawancin ƙasar da ke kewayen Perth rairayi ce marar albarka, kowa bakin kogi yake so, kuma bakin kogin nan ne ainihin rumbun Whadjuk. Cikin shekara biyu zuwa uku an kewaye wuraren haƙar doya da shinge, dabbobi sun tattake maɓuɓɓugan ruwa, karnuka da bindigogin Turawa sun rage kangaru.

A ganin Noongar, wanda ya ci naman dajinka ya halatta maka nasa, saboda haka suka riƙa sukar tumaki da aladu, suna haƙar dankali, suna ɗibar fulawa. A ganin Turawa kuwa wannan sata ce, kuma su ma a lokacin yunwa na cinsu, domin jiragen da ke kawo musu abinci suna jinkiri. Duk wanda ya bi labaran kashe-kashen nan ɗaya bayan ɗaya zai lura cewa kusan kowanne da buhun fulawa ko ɗan maraƙi ko kunyar dankali ya faro. Tun a watan Mayun 1830 sojoji ƙarƙashin Kyaftin Frederick Irwin suka buɗe wuta kan mutane a tafkin Galup, wanda Turawa suka sa wa suna Monger.

Sai kuma bambancin doka. A al'adar Noongar, idan an kashe mutum wajibi ne danginsa su rama, kuma ba dole ba ne ramuwar ta faɗa kan wanda ya yi kisan, tana iya faɗa wa kowane namiji daga ɓangarensa. Wannan ya bambanta da ƙisasin da muka sani, ya fi kama da ramuwar dangi. Turawa ba su gane ba, ko kuma sun ƙi ganewa, sai suka riƙa kiran kowace ramuwa kisan ba gaira ba dalili.

Ba an ce dokar Ingila ta ba su kariya ba?

A takarda ta ba su. Sanarwar da Stirling ya fitar a watan Yunin 1829 ta ce duk wanda ya cuci ɗan asalin ƙasa ko ya yi masa zalunci za a gurfanar da shi kamar ya yi wa kowane talakan Sarkin Ingila. Wannan sanarwa ce, a ganina, mabuɗin fahimtar duk abin da ya faru. Da zarar an kira Noongar talakawan sarki, ba su da sauran matsayin al'umma mai ƙasa da za a yi sulhu da ita, kuma mutumin da ya ɗaga mashi don kare gonar kakanninsa ya zama ɗan fashi a idon shari'a. Kariyar da aka yi musu alkawari a madadin haka kuwa ba ta zo ba.

Misali ɗaya ya isa. A 1842 Charles Bussell, ɗaya daga cikin iyalin da aka sa wa garin Busselton sunansu, ya harbe wata yarinya 'yar shekara bakwai yayin da yake tuhumarta kan fulawar da ta ɓata. An same shi da laifin kisa ba da gangan ba, aka ci shi tarar sule goma. Shekara biyar bayan haka aka kafa dokar hana ƙona daji, wadda ta ba da damar yi wa ɗan asalin ƙasa bulala har hamsin a bainar jama'a saboda aikin da kakanninsa suka yi dubban shekaru suna yi don gyara makiyaya.

Wane ne Yagan, kuma me ya sa sunansa ya fi na kowa fitowa?

Yagan ɗan Midgegooroo ne, dattijon yankin Beeliar da ke kudu da kogin Swan. A 1831 wani baran gona mai suna Thomas Smedley ya harbe ɗan uwansu da ya shiga gonar dankali. Midgegooroo da Yagan suka zo gidan suka soke wani baran na dabam mai suna Entwhistle, bisa ƙa'idar ramuwarsu. A 1832, bayan kisan William Gaze a bakin kogin Canning, aka sa ladan fam 20 a kan Yagan, aka yaudare shi ya shiga kwalekwale aka kama shi. Da an kashe shi a lokacin, sai wani Bature mai suna Robert Lyon ya tsaya kai da fata cewa mutumin nan fursunan yaƙi ne mai kare ƙasarsa. Aka kai shi tsibirin Carnac da abokansa biyu, Lyon ya bi su yana koyon harshensu, bayan kimanin mako shida suka ɗauki ƙaramin jirgi suka tsere, kuma hukuma ba ta bi sawunsu ba.

Ƙarshen Afrilun 1833 ne lamarin ya ɓaci. An harbe ɗan uwan Yagan mai suna Domjum a Fremantle a wurin fasa shagon fulawa, washegari aka soke 'yan uwan juna biyu, Tom da John Velvick, a kan hanyar Bull Creek. Stirling yana Ingila a lokacin, Irwin ne muƙaddashinsa, ya sa fam 30 a kan Yagan, fam 20 a kan Midgegooroo da wani mai suna Munday, a raye ko a mace. Aka kama tsohon a tsakiyar Mayu. Ba a kai shi gaban alƙali ba, majalisar gwamna ce ta yanke hukunci, kuma ranar 22 ga Mayun 1833 aka ɗaure shi a ƙofar gidan yarin Perth sojoji suka harbe shi, 'yan kallo suna shewa.

Kwanaki kaɗan bayan haka Yagan ya je gonar lauya George Fletcher Moore a Upper Swan. Moore ya rubuta a kundinsa cewa Yagan ya dafa kafaɗarsa da hannun hagu, yana nuni da na dama, yana kallonsa ido cikin ido, ya yi dogon jawabi. Moore bai ji harshen sosai ba, amma abin da ya fahimta shi ne: kun zo ƙasarmu, kun kore mu daga wurarenmu, kuma muna tafiya a ƙasarmu kuna harbinmu, don me? Ranar 11 ga Yulin 1833 wasu yara makiyaya biyu da suka san shi, William Keates mai shekara 18 da ƙanensa James mai shekara 13, suka zauna tare da shi kamar abokai, da ya juya William ya harbe shi a ka. Aka harbi wani mai suna Heegan, mutanen Yagan kuma suka soke William. James ya karɓi ladan. Hatta jaridar Perth Gazette ta kira abin ha'inci.

Da gaske ne an kai kansa Ingila?

Gaskiya ne. An yanke kan, aka feɗe fatar bayansa saboda tsagar da ke jiki, aka busar da kan da hayaƙi a cikin kogon itace. Wani hafsan soja mai suna Robert Dale ya tafi da shi Landan, inda likita Thomas Pettigrew ya riƙa nuna wa baƙinsa shi a wurin liyafa. Daga baya ya koma gidan adana kayan tarihi a Liverpool, ya daɗe a ma'ajiya, sai a 1964 aka binne shi a maƙabartar Everton a akwati ɗaya da wasu gawarwakin da aka kwaso daga Peru da New Zealand. Dattijon Noongar Ken Colbung ya shafe shekaru yana nema. An tono kan a 1997 aka mayar da shi gida, kuma ba a binne shi ba sai a watan Yulin 2010 a Belhus, kusa da inda aka kashe shi. A shekarar da kan ya dawo, wasu ɓata-gari sun sare kan mutum-mutumin Yagan na tagulla da ke tsibirin Heirisson har sau biyu.

Me ya faru a Pinjarra?

Wannan shi ne kisan da ya fi kowanne shahara, domin gwamna da kansa ne ya jagorance shi. Binjareb na kogin Murray, kimanin kilomita 80 kudu da Perth, sun hana Thomas Peel cin moriyar filin da aka ba shi, sun kuma tsaya a kan hanyar da Stirling yake son buɗewa zuwa Albany. A Afrilun 1834 wasunsu ƙarƙashin Calyute suka fasa injin niƙan Shenton a kudancin Perth suka kwashe fulawa. Aka kama Calyute aka yi masa bulala sittin a gaban jama'a. A watan Yuli suka yi wa Turawa biyu kwanton ɓauna, Hugh Nesbitt ya mutu, Edward Barron ya tsira da raunuka.

Stirling ya dawo daga Ingila a Agusta. A ƙarshen Oktoba ya fita da mutum 25, cikinsu akwai babban safiyo John Septimus Roe, da shugaban 'yan sandan doki Kyaftin Theophilus Ellis, da Peel kansa, da sojojin runduna ta 21. Da safiyar 28 ga Oktoban 1834 suka iske zangon mutum sittin zuwa tamanin, maza da mata da yara, a bakin kogi. Ellis da mahayansa suka afka musu ta gefe ɗaya, mutane suka ruga mashigin ruwa don su tsallaka, suka tarar Stirling da sauran sojoji sun riga sun jeru a ɗaya gaɓar. Waɗanda suka faɗa ruwa suka maƙale a cikin saiwoyi da kututtura, suna nutsewa suna fito da hanci kawai don shan iska, ana harbinsu daga gaɓa biyu. An fi sa'a guda ana wannan. A ɓangaren Turawa wani kofur ya ji rauni a hannu, Ellis kuma ya ji rauni a ka, ya mutu bayan mako biyu.

Aka tara mata da yaran da suka rage, Stirling ya sa aka gaya musu cewa idan aka sake taɓa Bature, ba za a bar ko mutum ɗaya nasu da rai a wannan gefen duwatsu ba. Calyute dai ya tsira.

Mutum nawa aka kashe a wurin, kuma yaƙi ne ko kisan kiyashi?

Stirling ya rubuta wa Landan cewa maza goma sha biyar ne. Roe ya ce tsakanin sha biyar da ashirin. Rahoton da Perth Gazette ta buga ya ce ashirin da biyar zuwa talatin, ya kuma amsa cewa akwai mace da yara a ciki. Labarin da Binjareb suka gada daga kakanninsu ya kai adadin sama da haka nesa, kuma ya ce mata da yara ne suka fi yawa. Babu wanda ya ƙirga gawarwakin da ruwa ya tafi da su, kuma duk alƙaluman da aka rubuta daga hannun waɗanda suka yi harbin suka fito.

Fiye da shekara ɗari littattafan makaranta suna kiransa Yaƙin Pinjarra, kuma an daɗe ana ja-in-ja a garin kan kalmar da za a rubuta a wurin tunawa. Masana tarihi na Jami'ar Newcastle, ƙarƙashin Farfesa Lyndall Ryan, da suka zana taswirar irin waɗannan kashe-kashe a faɗin Ostareliya, sun ɗauki ma'aunin kashe mutum shida ko fiye da ba su da hanyar kare kansu a farmaki ɗaya, kuma sun sa Pinjarra a ciki. Zangon da aka kewaye da sassafe, da mutanen da aka harba suna ɓuya a ruwa, ban ga yadda za a kira shi yaƙi ba. Ko a 1835 sakataren mulkin mallaka Lord Glenelg ya tunatar da Stirling cewa waɗannan mutane talakawan sarki ne da ya kamata a bi da su ta shari'a. Bayan tunatarwar ba a yi wa gwamnan komai ba.

Shin abin ya tsaya a nan?

Bai tsaya ba, gaba ya yi tare da tumaki. A kwarin Avon, inda aka kafa York a 1831, wani manomi ya ɓoye baransa da bindiga a saman rumbu a 1836 ya jira masu ɗibar fulawa, aka harbe mutum, ramuwa ta biyo baya. Da aka kashe Peter Chidlow da Edward Jones a 1837, Stirling ya tura Laftana Henry Bunbury, wanda ya shafe makonni yana farautar Ballardong. A 1840 aka rataye maza biyu, Doodjeep da Barrabong, saboda kisan Sarah Cook da jaririyarta, aka bar gawarwakinsu cikin sarƙa a wurin don tsoratarwa.

A ƙasar Wardandi, kundin Bessie Bussell ya nuna an kashe mutum tara a 1837 bayan ɓatan ɗan maraƙi. A Fabrairun 1841 a Wonnerup, gardama kan rabon gurasa ta sa George Layman ya ja gemun dattijo Gayware, abin da yake babban cin mutunci ne a wurinsu, Gayware ya soke shi. John Bussell da Kyaftin John Molloy, dukansu masu riƙe da muƙamin alƙalanci, suka fita da sojoji da manoma. Rahotonsu ya ce mutum biyar aka kashe. Tarihin da Warren Bert Kimberly ya wallafa a 1897, da kuma labarin Wardandi kansu, sun ce an kashe mutane da yawa a tuddan rairayi na Minninup aka bar ƙasusuwansu a fili. Can gabas kuma, a Cocanarup kusa da Ravensthorpe, kisan John Dunn a 1880 ya jawo farmakin da aka kashe mutane da dama. Zuriyar waɗanda suka tsira sun ce an soke Dunn ne saboda fyaɗen da ya yi wa wata yarinya, kuma iyalai da yawa sun ƙaurace wa yankin tsawon zamani. An buɗe wurin tunawa a can a 2015.

Ai su ma Noongar sun kashe Turawa, ko ba haka ba?

Sun kashe, har da waɗanda ba su da hannu a komai, kamar Entwhistle da Sarah Cook da jaririyarta. Bambancin shi ne kowane Baturen da aka kashe an san sunansa da ranar mutuwarsa, an yi bincike, an hukunta wani, sau da yawa an hukunta zango guda. Matattun Noongar kuwa yawanci da kalmar “wasu” ko “da dama” aka rubuta su, idan ma an rubuta.

Babu Baturen da ya ɗaga murya?

Akwai, kuma duk sun ɗanɗana kuɗarsu. Robert Lyon ya faɗa a taron jama'a cewa Turawa ne suka ƙwace ƙasar mutane, aka tsane shi har ya bar yankin a 1834. Wani ɗan mishan, Dokta Louis Giustiniani, ya rubuta wasiƙu zuwa jaridu da zuwa Landan yana zayyana kashe-kashen York, ya kuma tsaya wa fursunonin Noongar a kotu. Manyan gari suka yi masa ca, ƙungiyar da ta turo shi ta sallame shi, ya tafi a 1838. Gwamna John Hutt, wanda ya gaji Stirling a 1839, ya naɗa jami'an da aka kira masu kare 'yan asalin ƙasa, amma ba a daɗe ba aikinsu ya koma kare manoma daga 'yan asalin ƙasa.

Mece ce alaƙar tsibirin Rottnest da wannan tarihi?

Rottnest, wanda Noongar ke kira Wadjemup, yau wurin shaƙatawa ne da masu yawon buɗe ido ke cika. Daga 1838 zuwa 1931 kurkuku ne kuma sansanin aikin tilas, inda aka tsare maza da yara 'yan asalin ƙasa kusan 4,000. Na farko Noongar ne, daga baya aka riƙa kawo mutane daga arewa mai nisa ɗaure da sarƙa a wuya, da yawa saboda sukar saniya ko tunkiya. Su suka fasa dutse, suka haƙo gishiri, suka gina kurkukun da aka kulle su a ciki, ƙarƙashin mai gadi Henry Vincent wanda ya shahara da mugunta. A 1883 kaɗai mura da ƙyanda sun kashe kimanin sittin. Aƙalla mutum 373 aka binne a can ba tare da alama ba. Shekaru da yawa masu hutu suna kafa tanti a kan kaburburan, kuma ɗakunan kurkukun sun zama masaukin baƙi har zuwa 2018. Kwashe dattawa da mayaƙa zuwa tsibirin ya karya ƙarfin iyalai kamar yadda bindiga ta yi.

Da me wannan ya yi kama, kuma da me ya bambanta da zuwan Turawa ƙasar Hausa?

Daula ɗaya ce ta yi duka biyun, kuma wasu halayen iri ɗaya ne. Wanda ya san cewa an yanke kan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903 an ɗauki hotonsa, ko ya san yadda aka shafe Satiru a 1906, ba zai yi mamakin labarin Yagan da Pinjarra ba. Bambancin yana wurin manufa. A ƙasar Hausa Turawa kaɗan ne suka zo, haraji da gyaɗa da auduga suke so, saboda haka suna bukatar manomi a gonarsa da sarki a fadarsa. A ƙasar Noongar gonar kanta suke so su zauna a kai har abada, mai ita kuwa cikas ne.

Yaushe zubar da jinin ya ƙare, kuma me ya maye gurbinsa?

A kewayen Perth ya lafa tun shekarun 1840, a gefunan ƙasar ya kai shekarun 1880. Cututtukan da aka shigo da su, musamman ƙyandar 1860 da ta 1883, sun yi ɓarnar da ta kai ta makami ko ta fi. Bayan nan sai takarda ta karɓi aiki. Dokar 1905 ta mayar da babban jami'in kula da 'yan asalin ƙasa waliyyin 'ya'yansu har shekara 16, ta ba shi iko a kan aurensu da aikinsu da wurin zamansu. A zamanin A. O. Neville, wanda ya riƙe muƙamin daga 1915 zuwa 1940, aka buɗe sansanonin Carrolup da Moore River, aka riƙa raba yara da iyayensu. A 1933 aka kwashe mutum 81 daga Northam zuwa Moore River da sunan ƙazuwa. Daga 1927 zuwa 1954 ɗan asalin ƙasa ba ya shiga tsakiyar Perth sai da takardar izini.

Ana yawan tuna wata mata ta Whadjuk, Fanny Balbuk, wadda ta rasu a 1907. Tana da hanyar da ta saba bi tun tana yarinya zuwa dausayin da tashar jirgin ƙasa ta Perth take a kai yanzu. Da aka yi gine-gine a kan hanyar ba ta kauce ba: idan ta iske shinge sai ta karya shi da sandar haƙarta, idan gida ne ta shiga ta ƙofar gaba ta fita ta baya. Takan kuma tsaya a ƙofar gidan gwamna tana zagin na ciki, domin kabarin kakarta yana cikin harabar.

Ina aka kwana a yau?

Noongar sun kai kimanin mutum 30,000. A 2006 Mai Shari'a Murray Wilcox na kotun tarayya ya yanke cewa haƙƙinsu na asali a kan yankin Perth bai gushe ba, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008, daga nan aka koma teburin sulhu. Majalisar jihar ta zartar da doka a 2016 wadda ta amsa cewa su ne masu ƙasar na asali. Yarjejeniyar da ta fara aiki a Fabrairun 2021, mai darajar kimanin dalar Ostareliya biliyan 1.3, ta tanadi zuba dala miliyan 50 kowace shekara har shekara goma sha biyu a asusun amana, da mayar da fili har hekta 320,000. A madadin haka Noongar sun sauka daga duk wata ƙarar neman ƙasa, kuma saboda wannan sharaɗin ne wasunsu suka ƙi yarjejeniyar har suka kai ta kotu.

An buɗe dandalin Yagan a tsakiyar Perth a 2018. Firimiyan jihar Roger Cook ya nemi gafara a Wadjemup a Nuwamban 2024, gwamnan jihar Chris Dawson kuma ya je Pinjarra ranar 28 ga Oktoban 2025 ya nemi gafarar Binjareb kan abin da wanda ya fara riƙe kujerarsa ya aikata. Garuruwan Bunbury da Busselton da yankin Peel suna nan da sunayensu, kuma da aka kawo shawarar canja sunan ƙaramar hukumar Stirling a 2021, majalisarta ta zaɓi a bar shi yadda yake.